Motar Eulalie da Gatarin Clovis

In kana so ka ji mutanen Anse Noire sun haɗa baki a kan abu ɗaya, ambaci sunan Eulalie Pitre. Wani ya ce ta cika tsoro, wani ya ce ta cika iyayi, har da waɗanda ta riƙa ɗauka a motar makaranta tun majina na zuba a hancinsu. Fiye da shekara talatin tana jan doguwar motar nan mai ruwan ɗorawa daga ƙarshen hanyar fadama zuwa makaranta, ba ta taɓa jefa ɗan kowa a rami ba, amma wa ke tuna wannan? Abin da aka riƙe kawai shi ne ita ce matar da ke ɓata wa jama'a rana da zancen hadari.

Gadon gida ne. Ubanta Alcide mai jirgin kamun jatan lande ne, kuma a gidansa idan rediyo ya fara karanta labarin yanayi ko cokali ba a ajiyewa da ƙarfi. Yayanta Clovis yakan sulale ya tafi wajen abokai. Ita kuwa sai ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar tsohon, tana kallon yadda yake ɗiga alama da fensir a kan taswirar takarda, irin wadda shaguna ke rabawa kyauta duk farkon watan Yuni, ɗigo bayan ɗigo, guguwa tana rarrafowa daga can bayan tsibirai. Da ta yi aure ta tafi da ɗabi'ar gidan mijinta, da mijin ya rasu ta ci gaba ita kaɗai. Ko yanzu da waya ke nuna komai, taswirar na manne a ƙofar firjinta daga Yuni har Nuwamba.

Hadarin la'asar na watannin zafi, wanda kowa ya raina, shi ya fara jawo mata baƙin jini. Wata Asabar ta kai yaran garin wasan ƙwallo a wani gari. Suna kan gaba, saura kaɗan a tashi. Tana zaune a inuwar mota ta ga jan tabo yana kumbura ta kudu a taswirar yanayi ta wayarta, ta ɗaga kai ta ga gindin gajimare ya yi baƙi ƙirin, sai kuma ta ji rugugin farko. Ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ratsa tsakiyar fili da silifas, ta damƙi wannan a wuyan riga, ta ja wancan a hannu, ta kora su mota kamar awaki, ta rufe ƙofa. Kocin ya biyo ta yana ɗaga jijiyar wuya, iyaye suka yi mata caa. Ta ce musu duk mai son ɗansa ya zo ya ɓalle ƙofar. Hadarin ya zagaye ya je ya zubar da ruwansa a gonakin rake, aka ba ɗaya ƙungiyar wasan. Tun daga ranar aka laƙaba mata Uwar Hadari. To don Allah, sai tsawa ta faɗo ta ƙone ɗan wani sannan za a ce ta yi daidai? Ita dai ko a jikinta, da sunan ma take amsa waya.

Babban abin da ke ƙona mata rai shi ne yadda mutanen garin ke kallon hasashe. Duk lokacin da guguwa ta shigo tekun kudu, mai labarin yanayi a talabijin yakan zana abu kamar mazurari, tsukakke a inda guguwar take, yana faɗi yana faɗi har ya rufe gaɓar teku. A tsakiyarsa kuma akwai ɗan siririn layi. Bawan Allah nan kullum sai ya faɗa da bakinsa cewa kada a kalli layin, a kalli faɗin, domin idon guguwa na iya bi ta ko'ina a ciki, ruwanta kuma ya wuce nan ma. Amma kafin ya kai ga wannan maganar an riga an rage murya an koma suyar kifi. Layi ya bi ta kanmu? A'a. Shi ke nan, a buɗe giya. Eulalie ta yi bayanin nan a bakin coci, ta yi a shagon gyaran gashi, ta yi a wajen biki har amarya ta canza mata tebur. Ba ta taɓa cewa ta fi masu hasashen sani ba. Cewa take yi ita dai tana bari mutum ya gama maganarsa.

Bayan ta yi ritaya, ƙaramar hukuma ta bar mata mota ɗaya da aiki ɗaya: in an ba da umarnin a fice, ita ke kwashe waɗanda ba su da mota, tsofaffi da guragu da waɗanda 'ya'yansu suka manta da su, ta kai su zauren wasannin wata makaranta can arewa. Ba wanda ya yi rububin aikin. Ita ta ɗaga hannu.

Shekarar guguwar Corinne, layin ya nuno Anse Noire kai tsaye, don haka kowa ya tashi lokaci ɗaya. Babbar hanya ta cushe, motoci suka tsaya cak a tsakiyar rana, motar makaranta kuwa ba na'urar sanyi gare ta ba. Eulalie ta buɗe tagogi duka, ta bi kujera kujera tana jiƙa tawul tana ɗora wa tsofaffi a wuya. Wata tsohuwa da ake kira Tante Ursule Naquin, wadda ta haura shekara casa'in, ta jingina kai da taga ta ce za ta ɗan runtsa. Daga wannan runtsawar ba ta tashi ba. Corinne kuwa ta karkata gabas ta je ta yi ɓarnarta a wata jiha. Da aka dawo Anse Noire, abin da aka tarar bai wuce rassan itace a hanya da kwandon shara ɗaya a kife ba.

Abin da ya biyo baya abin kunya ne, kuma dole a faɗe shi. A wajen jana'iza mutane suka riƙa matsawa idan Eulalie ta zo zama. Ɗan Ursule, wanda ya gudu da jirginsa ya kai shi maɓoya ya bar uwarsa a kan kujerar baranda, shi ya fi kowa ɗaga murya cewa da an bar tsohuwa a gidanta da tana nan da ranta. Aka riƙa cewa ta fitar da mutane da ƙarfin tsiya, alhali gari duka ya gudu a ranar. Ba wanda ya tambayi wa ya sauko da gawar daga mota, ko wa ya zauna da ita har motar asibiti ta samu hanya. Shi kansa Clovis, ɗan uwanta uwa ɗaya uba ɗaya, ya tsinci reshe ya ajiye mata a bakin ƙofa, ya ce ga ɓarnar guguwarta nan ta adana. Wai shi wasa yake yi.

Ba ta rama ba, kuma wannan ne ya fi ba waɗanda suka san ta tsoro. Ta je ofis ta yi ta naci har aka sa mata fankoki a mota da akwatunan ƙanƙara. Amma ta daina bayanin mazurari a bakin coci. Idan hadarin la'asar ya taso yara na wasa a titi, sai ta tsaya a baranda ta kira su sau ɗaya, in ba su ji ba ta koma ciki tana leƙe ta labule. Noelie, matar Clovis, ita kaɗai ta lura. Ƙawarta ce tun suna zuwa koyon addini wajen sistoci, ita ta haɗa ta da yayan nata ma, abin da Eulalie takan ce shi ne babban zunubinta. Noelie mace ce mai jiki, gwiwoyinta sun gama aiki, da ƙarfen dogarawa take zagaya gida. Takan kira Eulalie ta zo su sha kofi, ta ce mata ta rabu da su, bakin mutanen garin nan ko Fadan coci ya gaji da shi.

Shekara biyu bayan haka guguwar Mavis ta shigo. Wannan karon layin ya bi ta yamma da su, da ɗan nisa, amma Anse Noire na cikin faɗin mazurarin ta gefen gabas, gefen da iska ke turo teku kan tudu. Aka ba da umarnin ficewa, aka ce kafin la'asar za a rufe ƙofar ganuwar tare ruwa, wanda ke waje ya zauna a waje. Gidan Clovis yana wajen. Tsohon gidan ubansu ne, a ƙasa yake zaune, bai taɓa yarda an ɗaga shi kan dirkoki kamar na maƙwabta ba, wai ba zai riƙa hawa bene don ya shiga ɗakin da aka haife shi ba.

Eulalie ta fara zagaye tun da hantsi. Sama tas, rana fes, garin duka yana ƙamshin dahuwa, domin an san wuta za ta ɗauke, kowa ya kwashe abin da ke firiza ya ɗora a wuta. Wasu suka shiga motar suna gunaguni. Wasu suka ɗaga mata kwalba daga baranda suna tambaya ko yau ma da wanda za ta kai lahira. Ta haɗiye. Gidan Clovis ta bari ƙarshe.

Ta tarar da Noelie zaune a bakin ƙofa da jakarta a cinya, ta sa hular zuwa coci. Da ƙyar da jiɓin goshi ta tallafe ta ta hau matakalar mota, ta zaunar da ita a kujerar gaba. Clovis yana tsakar gida ba riga, yana juya tukunyar ƙaguwa da katon ludayi, ya zuba masara da dankali da barkono har ido na yaji.

"Yaya, kashe wutar nan ka ɗauko maganinka."

"Uwar Hadari ke nan. Zo ki ɗanɗana, gishirin ya ji?"

Ta ce masa ba cin ƙaguwa ya kawo ta ba. Ya nuna mata talabijin ta taga da bakin ludayi, ya ce ta duba da idonta, layin ma Texas ya nufa can yamma. Ta fara yi masa bayanin gefen gabas, ya katse ta, ya ce wannan karatun ya haddace shi tun tana da haƙora duka. Ya ce shekarun baya ma haka ta ce, aka je aka gasa mutane a hanya kamar kifi.

"In ruwa ya zo fa?"

"In ya zo ya same ni. Gatarina yana saman silin, jiya na wasa shi. Babanmu da gatari ya fasa rufi ya fita, kin manta? Kowane gida a garin nan da gatari a sama, ba wanda ya jira motar makaranta."

Gaskiya ne, al'ada ce tun kakanni, ana ajiye gatari tsakanin silin da rufi don in ruwa ya kore ka sama kada ka mutu kamar ɓera a tulu. Abin da Clovis bai ƙara ba shi ne babansu yana da shekara arba'in a lokacin, kuma ya riga ya tura matarsa da 'ya'yansa tudu. Eulalie ta faɗa masa hakan. Ya yi dariya ya ce ta gaida mutanen arewa.

Ta koma ta hau mota cike da haushi, ta ja ƙarfen da ke rufe ƙofa, ta tayar da inji. Sai ta ji motsi a bayanta. Noelie ta miƙe tana dafa kujera.

"Lalie, buɗe mini."

"Zauna, Noelie."

"Ba ya shan maganin hawan jininsa sai an sa masa a tafin hannu, kin san halinsa. Shekara hamsin ban taɓa kwana ban san ko ya ci abinci ba. Buɗe mini, don Allah."

"Ba za ki iya hawa tsanin silin ba."

"To wa ya ce za a kai ga haka? Ke ma ba ki da tabbas."

Ba ta da tabbas, ba wanda ke da shi, masu hasashen ma sun faɗa. Hannunta na kan ƙarfen, ƙafarta na kan birki. Abin da ya rage kawai ta ɗaga ƙafa motar ta tafi, Noelie ta zage ta har arewa, ta yi fushi da ita wata guda. Matar da ta kora yara daga filin ƙwallo da tuni ta kai kwanar coci. Amma daga bayan mota wani tsoho ya ce a bar baiwar Allah ta sauka mana, ko sai an maimaita na Ursule? Wata ta ce ai mutum ba kaya ba ne. Eulalie ta duba madubi ta ga fuskokin da ke kallonta, ta ga kujerar da ke jikin taga inda Ursule ta jingina kai. Ta ga Noelie tana haki tun ba a je ko'ina ba, ta tuna tsawon hanya da zafin rana. Ta tura ƙarfen, ƙofa ta buɗe.

Ita da kanta ta tallafe ta ta sauko da ita. Noelie ta shafa mata kumatu, ta ce ta daina ɓata fuska, jibi war haka suna shan kofi. Ta cire hular cocin ta rataye a ƙarfen dogarawarta, ta nufi tsakar gida tana yi wa Clovis faɗan ya sa riga. Motar Eulalie ce ta ƙarshe da ta wuce kafin 'yan sanda su ja ƙofar ganuwa.

Kowa ya isa zauren lafiya, ko ciwon kai ba wanda ya yi. Ba wanda ya ce mata sannu. Ta zauna a gaban talabijin ɗin da aka rataye a bango, tana kallon layin yana lanƙwasowa gabas kaɗan kaɗan, bai ma fita daga cikin mazurarin da aka zana tun farko ba. Ta kira gidan Clovis, Noelie ta ɗauka ta ce iska ce kawai, ya sha maganinsa, ƙaguwar ta yi gishiri. Da ta sake kira, layin wayar ya mutu. Washegari da safe Mavis ta hau tudu, teku ta biyo ta.

Kwana biyu kafin masu ƙananan jirage su iya shiga Anse Noire. Sun sami Clovis a kan rufi, kusa da ramin da ya sara, rana ta ƙone shi, ba ya iya magana. Gatarin ya yi aikinsa. Noelie ce ba ta iya hawa ba. Tsanin silin ɗin siriri ne mai naɗewa, ta taka na farko gwiwa ta ƙi, ya hau sama ya kwanta ya riƙo hannuwanta yana ja, ruwa yana tasowa. Tsoho ne mai shekara saba'in da biyar. A ƙasan tsanin aka same ta.

Yanzu sai a saurari mutanen Anse Noire. Tun ba a binne ta ba, a cikin zauren nan da Eulalie ta kawo su da ransu, magana ta juya. Wai ita da ta fi kowa sanin abin da ke tafe, me ya sa ta buɗe ƙofa? Wai ai mace mai ciwon gwiwa ba a biye mata. Tsohon da ya ce a bar ta ta sauka, shi ne ya riƙa girgiza kai yana cewa da shi ne a kan sitiyari da ba a yi haka ba. Wallahi akwai rashin kunyar da ta fi ƙarfin zagi. Eulalie na jin su tana ninke barguna.

Ranar da aka ce ana iya ganin Clovis, ta tuƙa zuwa asibiti da maganganu cike da bakinta. Tun daga reshen da ya ajiye mata ta tsara su, har zuwa gidan da ya ƙi ɗagawa da tukunyar ƙaguwa. Ta shiga ta same shi ya juya wa ƙofa baya, ya ƙanƙance kamar ba shi ba. Hannuwansa na waje a kan bargo, daga gwiwar hannu har wuyan hannu duk sawun farce ne. Ta ja kujera ta zauna.

Shi ya fara magana, bai juyo ba.

"Lalie, tana cikin motar. Kin riga kin rufe ƙofa, na gani."

"Na rufe."

"To me ya sa kika buɗe mata?"

"Ta roƙe ni, Yaya."

"Roƙo? Yaushe kika fara jin roƙo? Da ke ce ta da, ko za ta mutu da kuka ba za ki buɗe ba."

Ta dube shi. Ba zargi ne kaɗai a muryarsa ba, da gaske yake tambaya, da gaske ya dogara cewa ƙanwarsa mai taurin kai za ta tafi masa da matarsa ko ya ƙi ko ya so, shi ya zauna ya yi jarumtakarsa shi kaɗai.

"Ta da ɗin ai kun gama da ita," in ji Eulalie. "Kai ma da hannunka a ciki."

Bai musa ba. Ta tashi ta gyara masa matashi, ta zuba ruwa a kofi, ta ɗauki ƙwayoyin da nas ta bari a kan tebur. Ya ƙi miƙo hannu. Ta kamo hannun ta buɗe shi da ƙarfi ta sa masa su a tafi, ta tsaya a kansa har ya haɗiye.